GARGAƊI GA MASU SHIRIN FITA KAMUN KIFI A KWALEKWALE CIKIN WANNAN HUTU

Jama'a, a saurara da kyau. Damina ta kankama, madatsun ruwa sun fara cika, makarantu sun shiga dogon hutu, ma'aikata da dama kuma sun karɓi hutunsu na shekara. A irin wannan lokaci ne abokai kan haɗa kai su nufi Tiga ko Bagauda ko Challawa a Jihar Kano, wasu Dadin Kowa a Gombe, wasu Goronyo a Sakkwato, wasu kuma bakin tafkin Kainji ta Yawuri ko Sabuwar Bussa. Su ɗauki sandar fatsa da ƙoto, su yi hayar kwalekwale, su shiga tsakiyar ruwa don shan iska da neman na miya.

Nishaɗi ne halas, ba wanda ya hana. Amma duk mai wannan shiri ya riƙe abu uku tun kafin ya bar gida:

Kada kowa ya taka kwalekwale sai da rigar kariya ɗaure a jikinsa.

Kada a fita idan hadari ya haɗo, kuma da an ji rugugin tsawa, ko daga nesa ne, a juyo.

Kada magariba ta riski kowa a kan ruwa.

Wanda ya ga ba zai iya cika ukun nan ba, ya zauna a bakin gaɓa ya jefa ƙugiyarsa daga can. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

ABIN DA YA RIGA YA FARU

Ba mu manta da Bagwai ba. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya kife a madatsar Watari da ke can ɗauke da mutanen ƙauyen Badau da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara ɗaliban Islamiyya. Watanni shida kafin nan, a Mayun 2021, wani jirgin ya nutse kusa da Warrah ta Ƙaramar Hukumar Ngaski a Jihar Kebbi da mutum sama da 150 a cikinsa, kaɗan ne suka fita da rai. A Yunin 2023 kuma, fiye da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi na Jihar Kwara, cikin dare, suna dawowa daga biki.

Waɗannan jiragen fito ne, shi ya sa duniya ta ji labarinsu. Kwalekwalen da ya kife da mutum uku ko huɗu da suka fita fatsa, sau da yawa labarinsa ba ya wuce unguwarsu da wurin zaman makoki. Sai dai abin da ke kashe mutane a manya da ƙananan jiragen duk ɗaya ne: lodin da ya wuce kima, tafiyar dare, iska, kututture a ƙarƙashin ruwa, da rashin rigar kariya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa nutsewa na cin ran mutum kusan 300,000 a kowace shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ne ya fi kowa asara. Saboda girman matsalar ne Majalisar Ɗinkin Duniya a 2021 ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don yaƙi da nutsewa, ranar da a wurinmu ta faɗo a tsakiyar damina da farkon dogon hutu.

ABIN DA IDO BA YA GANI

Mutumin birni kan tsaya a bakin dam ya ga ruwa kwance lumui, ya ɗauka ƙasansa ma haka yake. Ya manta cewa kafin a tare kogin, wurin nan gonaki ne da dazuzzuka da garuruwa. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsohon garin Bussa da ƙauyuka masu yawa, har tafkin ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,300. Ba duk itatuwan aka sare ba, kuma har yau kututturansu na nan tsaye, wasu dab da saman ruwa. Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, ita ma kwari ce da aka cika da ruwan Kogin Kano. Inda ka taka yanzu ruwa ya tsaya maka a gwiwa, taku biyu gaba tsohon kwazazzabo ne ko tsohuwar hanyar kogi mai zurfin da ya ninka tsawonka sau da yawa.

Da rani ruwa kan ja baya, kututture ya fito fili, kowa ya kauce masa. Da damina ruwa ya rufe shi, ga shi kuma ruwan ya yi ja saboda laka, ba ka ganin ko tafin hannunka idan ka tsoma. Jirgi mai inji da ya doki irin wannan kututture da gudu, katakonsa tsagewa yake yi nan take.

Ban da kututture akwai kayan masunta. Kalli, wato doguwar raga, a shimfiɗe yake a cikin ruwa tsawon mita masu yawa, alamarsa kawai 'yan guntayen soso ko yankakken tsohon silifa da ke yawo a sama. Mamari kuwa igiya ce doguwa da aka jera wa ƙugiyoyi ɗaruruwa. Wanda ya faɗa ruwa ƙafarsa ta shiga kalli, duk shure-shuren da zai yi ƙara ɗaure kansa yake yi. Da yawa daga cikin waɗanda ake cewa mutanen ruwa ne suka riƙe su, idan masu nutso suka kai gare su, a cikin raga ko ciyawa ko rassan bishiya ake samun su.

Sannan a yi nesa da bangon dam ɗin kansa. Daga Agusta zuwa Satumba, lokacin da madatsu ke tumbatsa, ana sakin ruwa ko kuma ya riƙa tsallakewa da kansa ta mafitarsa. A Kainji da Jebba da Shiroro ga kuma bakin da ke zuƙar ruwa zuwa injinan lantarki. Kifi na taruwa a irin wuraren nan, shi ya sa suke jan hankalin mai fatsa, amma jan ruwan wurin ya fi ƙarfin filafili.

YADDA KWALEKWALE KE KIFEWA

Ba sai an yi guguwa ba. Mutum huɗu ne a kwalekwale, ruwa shiru, ana hira ana dariya. Can sai igiyar ɗayansu ta miƙe, sanda ta lanƙwashe, da alama ƙatuwar tarwaɗa ce ko ragon ruwa. Murna ta kama shi, ya miƙe tsaye don ya ji daɗin ja. Na kusa da shi ya leƙo ta gefen da kifin yake, na ukun ya zaro waya ya matso zai ɗauki bidiyo. Mai tuƙi na ta faɗin, “Alhaji, ku zauna! Don Allah ku zauna!” Kafin ya rufe baki nauyin mutum uku ya koma gefe guda, bakin kwalekwalen ya sumbaci ruwa, ruwa ya kwararo ciki. Kowa ya zabura ya koma ɗaya gefen a lokaci guda, shi ke nan ya juye. Duka abin ba ya kai minti ɗaya.

Saboda haka, a cikin kwalekwale zama ake yi, a tsakiya, jiki ƙasa-ƙasa. Ba a tsayuwa don jan kifi, ba a tsayuwa don hoto, ba a musayar wurin zama a tsakiyar ruwa. Mai jin fitsari ya daure ko a kai shi gaɓa. Jefa ragar birgi daga tsaye a kan kwalekwale aikin wanda ya tashi a cikin sana'ar ne. Baƙo kada ya gwada, balle ya ɗaura igiyar a wuyan hannunsa, domin idan birgin ya maƙale a kututture shi zai fizgo shi cikin ruwa.

Kafin a shiga, a tambayi mai jirgi cikin ladabi: “Baba, mutum nawa jirgin nan ke ɗauka?” Abin da ya faɗa a rage mutum ɗaya, domin kular abinci da jarkar mai da buhun kaya su ma nauyi ne. Bayan kowa ya zauna, a dubi tazarar da ke tsakanin bakin jirgin da ruwa. In ba ta wuce tafin hannu ba, wani ya sauka. A duba ƙasan jirgin: idan tun a gaɓa ana kwarfar ruwa ba hutawa, ko an cusa tsumma a tsaguwar katako, a nemi wani. Kada a yarda yaro ƙarami ya zama shi ne matuƙi, kada kuma a bi matuƙin da idonsa ko maganarsa ke nuna ya sha wani abu.

HADARI BA YA JIRA

A ƙasarmu hadarin damina daga gabas yake tasowa, kuma galibi da la'asar ko da dare. Alamominsa sanannu ne. Zafi ya yi nauyi, iska ta ɗauke cak, gabas ta yi baƙi ƙirin, sai wata iska mai sanyi ta buso da ƙura da ganyaye. Wannan iskar ta gaban ruwan sama ita ce mai kifar da jirage. A kan fili irin na Tiga ko Kainji babu abin da ke tare ta, cikin 'yan mintoci take tayar da igiyar ruwan da za ta riƙa faɗawa cikin kwalekwale.

A yi lissafi. Irin wannan hadari na iya tafiyar kilomita 50 a cikin awa guda. Mai filafili da kaya a jirgi da ƙyar yake cin kilomita huɗu ko biyar a awa. Idan kun yi nisan kilomita biyu daga gaɓa, kuna buƙatar kusan rabin awa kafin ku fita, hadarin da kuke hange a nisan kilomita 20 kuwa zai iso kafin nan. Mai cewa “bari mu ɗan ƙara jefawa sau ɗaya, ai da sauransa” da ran kowa yake caca.

Ga kuma aradu. A tsakiyar tafki ba abin da ya fi ka tsawo, musamman in kana riƙe da doguwar sandar fatsa ta zamani, wadda wutar ke bi cikin sauƙi. Da ka ga walƙiya, fara ƙirga daƙiƙoƙi har ka ji ƙarar. Kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce tsakaninka da inda ta faɗi. Amma ƙa'idar da ta fi sauƙi ita ce: in dai kunnenka ya ji tsawa, to tana iya kai wa gare ka. A kwantar da sanduna, a nufi gaɓa mafi kusa, ko da ba ita ce inda aka ajiye mota ba. A fake a cikin gini ko cikin mota, ban da gindin bishiya, kuma kada a koma ruwa sai an yi minti 30 ba a sake jin tsawa ba.

A saurari hasashen yanayi na hukumar NiMet a rediyo ko a waya kafin a fito. Fita da sassafe, dawowa kafin azahar ta gota, shi ne tsarin da ya fi dacewa da damina. Tafiyar dare kuwa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana ta, kamar yadda ta wajabta sa rigar kariya.

“AI NA IYA RUWA”

Wannan ita ce maganar da aka fi ji idan an miƙa wa mutum rigar kariya. Wani ya ce zafi take sa shi, wani ya ce ba ta yin kyau a hoto, wani ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Iyon da aka koya a kududdufin bayan gari ko a wurin wanka na otal daban yake da faɗawa ruwa mai zurfi ba shiri, da kaya a jiki, ruwa ya shiga hanci, gaɓa na can nesa, ga wani da bai iya ba ya ƙanƙame maka wuya. Kaftani da babbar riga da zani da dogon hijabi, da sun jiƙe naɗe hannu da ƙafa suke yi kamar an ɗaure mutum da igiyar guga. Idan kuma gefen jirgi ya bugi kai aka suma, gwaninta ba ta da sauran amfani.

A dubi Sarkawa, waɗanda suka gaji ruwa kaka da kakanni. A bikin kamun kifi na Argungu, masuncin da ya faɗa kogin Matan Fada da komarsa, da gorarsa yake shiga, a kanta yake hutawa idan ya gaji. In gwanaye ba su raina abin da zai riƙe su a saman ruwa ba, ina dalilin ma'aikacin ofis da ke ganin tafki sau ɗaya a shekara? Iya ruwa fid da kai. Malamanmu kuma kullum suna karantar da mu cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi. A yi addu'ar shiga jirgi, a kuma ɗaura riga. Laya ko wani asirin ruwa da aka ba ka ba zai maye gurbinta ba.

Rigar ta zama daidai jikin mai ita, a ja zif, a ɗaure kowane maɗauri tamau. Gwajinta mai sauƙi ne: wani ya kama kafaɗunta ya ɗaga sama, idan ta zame ta rufe kunnuwa, ta yi yawa ko ba ta ɗauru ba. Rigar babba ba ta yi wa yaro, zamewa yake yi ta ƙasa ya bar ta tana yawo. Wadda ta yage ko sosonta ya mutu, a ajiye ta. Wadda aka shimfiɗa aka zauna a kai kuwa ba ta ceton kowa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A cire babbar riga da takalmi sau-ciki tun a gaɓa. Mata da 'yan mata su tattare suturarsu su ɗaura rigar a samanta.

A kuma tafi da waɗannan: jarka mai lita 20 ko 25 wadda ba komai a ciki, an rufe bakinta gam an ɗaura mata igiya, domin tana iya riƙe babban mutum a saman ruwa; roba ta kwarfar ruwa; filafili na biyu ko da jirgin mai inji ne; usur; tocila; ƙaramar wuƙa ta yanke raga; da waya a ƙulle cikin leda. A gaya wa wani a gida da wani a bakin ruwa inda aka nufa da lokacin dawowa.

IDAN ABIN YA AUKU

Idan jirgi ya kife, a riƙe shi. Kwalekwalen katako galibi ba ya nutsewa gaba ɗaya ko ya cika da ruwa, kuma masu ceto sun fi saurin hango jirgi a kan kan mutum. Gaɓa kullum ta fi yadda ido ke nunawa nisa. Wanda ya rabu da jirgin ya kwanta rigingine, ya buɗe hannuwa, ya bar fuskarsa a sama har numfashinsa ya daidaita.

A sani cewa mai nutsewa ba kasafai yake ihu ba. Bakinsa na shiga ruwa yana fita, ɗan numfashin da yake samu bai isa kira ba. Za ka gan shi a tsaye cikin ruwa, kai a ɗage baya, hannuwa na dukan ruwa a gefe, ba ya gaba ba ya baya. Idan ka kira shi bai amsa ba, kada ka jira.

Kada ka yi tsalle ka bi shi sai in an horar da kai. Sau da yawa gawa biyu ake fitarwa, ta wanda ya faɗa da ta ɗan'uwansa da ya bi shi. Miƙa masa filafili ko sanda, ko ka jefa masa jarka da igiya. In za a jawo shi cikin kwalekwale, ta goshi ko ta baya ake yi. Ta gefe kifar da sauran zai yi.

Da an fito da shi, a duba numfashi. Kada a ɗaga shi kai ƙasa, kada a danne cikinsa wai don a fitar da ruwa. Ɓata lokaci ne, kuma yana sa amai ya koma huhu. Ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida idan ba iska. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa a hura masa iska a baki sau biyar. Sannan a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri sau 30, a hura sau biyu, a ci gaba da haka ba tsayawa, wani kuma ya kira 112 ko jami'an kashe gobara ya kuma nemo mota. In yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi. Ko ya farfaɗo ya ce garau yake, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya taɓa huhu kan tayar da matsala bayan sa'o'i.

SAURAN ABUBUWAN LURA

Akwai dorina a yankin Yawuri da Dadin Kowa da Kiri. In an hango ta, musamman mai ɗa, a ba ta wuri da nisa. Ƙayar ƙurungu da ta tarwaɗa na huda hannu, minjirya kuma girgizarta na iya sa mutum ya zabura ya kifar da jirgi, don haka a bar mai jirgi ya cire abin da ba a sani ba daga ƙugiya. Ruwan dam da yawa na ɗauke da tsargiya. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan ya yi wanka a ciki ya je asibiti, akwai maganinta. Zuba guba irin Gamalin ko jefa nakiya don kama kifi laifi ne a doka, kuma cutar da masu ci ne. Sannan a bincika halin tsaro kafin a kama hanya, musamman wajajen Shiroro da Zobe da Bakolori da Tafkin Chadi.

KIRA

Iyaye, yaron da ya ce zai bi abokansa dam, a tambaye shi da wa, a jirgin wa, da wace riga. In babu amsa, babu tafiya. Kowane yaro a jirgi ya kasance da babban da ke kula da shi, kusa da hannunsa.

Masu jirage, kuɗin mutum ɗaya da kuka ƙara bai kai darajar jirginku ba, balle rai. Ku fi kowa sanin ruwan nan. Idan kun ce ba a fita, ku tsaya a kan maganarku ko wane ne ya zo da kuɗinsa.

Sarakunan ruwa da masu unguwanni, a sa ido a kowace mashiga, a rubuta adadin da kowane jirgi ke ɗauka a jikinsa, a tsayar da fita da yamma. Gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi da NIWA, a wadata mashigai da riguna na manya da na yara, a sa alama a inda kututture yake, a sanar da jama'a kafin a saki ruwa. Limamai da masu gidajen rediyo, a faɗi wannan a huɗuba da cikin shirye-shirye tun hutun bai yi nisa ba.

Kai kuma da ka karanta, in ka san wani mai shirin tafiya a ƙarshen makon nan, kira shi yau ka tambaye shi ko ya tanadi rigar kariya. In bai samu ba, ka ce masa ya yi fatsarsa daga gaɓa, ko ya sayi kifinsa a hannun masunta ya koma wa iyalinsa lafiya. Allah ya tsare mu, ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci.